Kwantena Uku da Kiran da Ban Yi Ba

Kun taso kuna jin ana cewa aikin da yayarku ta yi wa asibitinmu ne ya lalace, har wata mata ta rasa ranta. An faɗi haka a tsakar gidan nan ina zaune a kan buzuna, ina ji, ban ɗaga kai ba. Yanzu ƙafafuna sun fara ƙin kai ni masallaci, kuma ina tsoron a yi mini wannan tambaya a inda ba a iya yin shiru. Don haka zan jera muku maganar daki-daki, kamar yadda na saba jera kati. Kada wanda ya tsallake layi.

Na farko, ku san ko wane ne ni a lokacin. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da ɗakin kati a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa kusa da Ƙofar Marusa. Karatuna bai yi nisa ba, amma ban taɓa ɓatar da katin mutum ba. Ina da tsarin tashi daga aiki wanda ban taɓa sauyawa ba: in rufe taga, in mayar da kowane kati gurbinsa, in kulle durowa uku daga sama zuwa ƙasa, in kashe fanka, in kulle ƙofa, in ja kwaɗon sau biyu. Ko gobara ake yi a waje sai na ja shi sau biyu. Abin da na fi ji da shi a ɗakin nan kuwa shi ne jerin masu ba da jini. Akwai wani irin jini da ba a cika samu ba, wanda ake ce wa nagetif. Duk wanda aka auna aka tarar yana da shi, sai in bi shi har gida ko rumfa, in roƙe shi ya yarda a kira shi ranar da aka matsu. Da mutum tara na fara.

Na biyu, ku san yadda nake da yayarku. Ita ce ɗiyata ta fari. Ku da kuka zo daga baya kun hau wuyana, kun ja mini gemu, kun ci daga kwanona. Ita ban taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa tsayawa na yi hira da ita ba. Haka na ga mahaifina ya yi da yayana, mahaifiyata kuma Bafulatana ce, ta fi shi tsanani a wannan. Idan ina son a aike ta sai in ce wa innarku, “A ce wa yarinyar nan.” Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a wurinmu mutumin da ba ya kunyar ɗan fari ba a ɗaukar sa cikakke. Da ta yi karatun kwamfuta, ta yi aure a unguwar Kambarawa, lambar wayarta tana cikin littafina amma a ƙarƙashin sunan mijinta na rubuta ta. Ko sau ɗaya ban taɓa danna ta ba.

Na uku, na'urar. Likita, mai asibitin, shi ya nemi yayarku ta mayar da katunanmu cikin kwamfuta. Ban so ba, amma ban ce komai ba, don ba za a ji ni ina yabon aikin ɗiyar fari ba, ba za a kuma ji ni ina kushe shi ba. Ta kafa babbar kwamfuta a kusurwar ɗakina, sauran ƙananan da ke ɗakunan duba marasa lafiya duk daga gare ta suke ɗauka. Ta ce aikin a cikin kwantena uku yake. Na leƙa bayan na'urar ban ga kwantena ba. Sai ta yi bayani, amma ba ni ta yi wa ba, Sista Mairo ta yi wa, babbar nas ɗinmu, ni kuma ina tsaye ina duban taga. Ta ce ba na ƙarfe ba ne irin waɗanda ake yin shago da su, a cikin kwamfutar suke, kowace da katangarta. Ta ɗaya tana riƙe da bayanan, ta biyu tana nemowa idan an tambaya, ta uku tana nuna shafin da ake gani. Akwai fayil guda da ya jera su, wadda za ta fara tashi da wadda za ta biyo, umarni ɗaya kuma yake tayar da su duka. Wannan jeri ya burge ni, ko da yake ban nuna ba. Ta ce manhajar da take tafiyar da su kyauta ce, kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta, kuma ta zaɓe ta ne don abu biyu. Ba ta da wani mai gadi guda da ke zaune a kan komai, wanda in ya faɗi kowa ya faɗi. Sannan ba ta buƙatar babban mabuɗin kwamfutar, wato kalmar sirrin da ke ba mutum ikon taɓa ko'ina. A ƙarƙashin wani ƙaramin akawun mai suna “asibiti” kwantenonin suke aiki, ko ɓarawo ya fasa ɗaya ba zai samu gidan duka ba.

Sista Mairo ba ta raga wa kowa. Ta juyo ta dube ni.

“Malam Lawal, ka ji ko in sake maimaita maka? Ga ta ga ka, taku biyu tsakaninku, amma ni na zama wayar tarho. Wallahi sai an fara ba ni ladan tafinta.”

“Na ji, Sista.”

“To mi ta ce?”

“Ta ce uku ne.”

“Ka ga ɗalibi! Shekara talatin yana koya mana oda, yau an samu mai koya mai.”

Yayarku ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta rubuta mini takarda shafi biyu, mataki-mataki, da lamba a gefen kowane. Sista ta miƙo mini.

Bayan an shigar da komai, na duba sau biyu da idona, Likita ya ce a ƙone tsoffin katunan domin gara ta fara cin su. Ni na tsaya a kan wutar. Jerin masu jini ya girma a cikin na'urar har ya wuce mutum arba'in, don mai awon jininmu yana ta ƙara sababbi waɗanda ban san fuskarsu ba. Mutanena tara na farko kuwa wasu sun tsufa, wasu sun bar gari. Ban ajiye wani jeri a takarda ba, domin ba na son abu ya zauna a wuri biyu, ɗaya ya saɓa wa ɗaya.

Wata takwas komai yana tafiya. Sai babbar kwamfutar ta fara ƙara irin ta injin markaɗe, Likita ya sayo sabuwa. Shi da hannunsa ya sa mata babban mabuɗi, ya rubuta, ya liƙe a ambulan, ya ba ni ajiya. Ni kuma na kafa doka: ba a buɗe ambulan sai da sa hannunsa. Ranar wata Alhamis yayarku ta zo ta kwashe kwantenonin zuwa sabuwar na'ura, ta gwada, komai ya tashi. Da La'asar ta ce wa Sista saura saiti ɗaya, kuma shi kaɗai ne yake buƙatar babban mabuɗi. Likita ya tafi ta'aziyya bayan gari.

“A ce mata sai da sa hannun Likita,” in ji ni.

“Haba Malam! Ɗiyarka ce fa, ita ta haɗa abin.”

“Doka ba ta san ɗiya ba, Sista.”

Yayarku ba ta yi gardama ba. Ta ce wa Sista, “To ki gaya wa Baba ya bar akawun ɗin asibiti a buɗe yadda na bar shi. Kada ya rufe shi. Jibi Asabar zan zo in ƙarasa.”

Na ji da kunnena. Na so in tambayi dalili. Tambayar ta zo har bakina, amma uba ba ya tsayawa a gaban mutane yana neman ɗiyar fari ta fahimtar da shi. Na haɗiye. Da lokacin tashi ya yi na rufe taga, na kulle durowa uku, na kashe fanka, sai na ga fuskar kwamfutar tana haske, akawun a buɗe. Na tsaya. Na ce a raina yarinya ce, ba ta san masu shara suna da hannu ba. Na ce ai ba kashe na'urar zan yi ba, ƙofar kawai zan ja. Wata takwas ina rufe akawun a tsohuwar na'ura babu abin da ya faru. Ban san cewa a can ta riga ta yi wancan saitin ba, wanda yake sa kwantenonin su ci gaba da aiki ko mai akawun ya fita. A sabuwar kuwa, tunda babu mai gadin da ke riƙe da su, idan akawun ya rufu sai su kwanta tare da shi. Na danna. Na kulle ƙofa, na ja kwaɗo sau biyu, na tafi gida raina fari.

Juma'a, bakwai da rabi na safe, na riga kowa zuwa kamar kullum. Na buɗe ƙaramar kwamfutar da ke teburin karɓar marasa lafiya, shafi ya ƙi fitowa. Na je ɗakin Likita, haka. Na koma ɗakina, na ga ba ni da kalmar sirrin akawun ɗin da na rufe, domin jiya aka sa masa sabuwa, ba a kuma ba ni ita ba tukuna. A nan na yi abin da ban taɓa yi ba a shekara talatin da ɗaya: na buɗe durowa, na yage ambulan ba tare da sa hannun kowa ba. Hankalina ya ba ni cewa babban mabuɗi yana ganin komai, kamar mabuɗin da Likita yake da shi wanda ke buɗe kowane ɗaki a asibitin. Na shiga da shi. Na ɗauko takardar yayarku, na rubuta umarni na ɗaya, wanda ke nuna kwantenonin da suke akwai. Layin kan magana ya fito. A ƙarƙashinsa babu komai. Na sake rubutawa, harafi-harafi. Babu komai. Na sake har sau biyar.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na tuna wutar da na tsaya a kanta, da yadda katunan suka riƙa naɗewa suna baƙi. Na ce shi ke nan, abin da ke takarda na ƙone, abin da ke na'ura na goge. Masu ciwon suga, masu hawan jini, mata masu awo, yaran da aka rubuta maganin da jikinsu ba ya so, duk na share su da yatsa ɗaya. Na ninke ambulan na tura cikin aljihun wando.

Ƙarfe takwas Sista Mairo ta leƙo.

“Malam, ina kwana? Mi ya samu kwamfutocin? Bari in kira ɗiyarka.”

“Bar shi, Sista. Na riga na aika mata.”

Ƙarya ta farko ke nan. Ban aika ba. Na yi tunanin in ta zo za ta gane abin da na yi, kuma a gaban Sista za ta gane.

Tara da kwata wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofa. Aka sauko da wata mata a cikin tabarma, zanenta ya jiƙe. Daga wata ruga aka kawo ta, ta haihu da asuba jini ya ƙi tsayawa. Mijinta, Malam Buba, dogo ne siriri da sanda a kafaɗa. Bai bi ta ciki ba. Ya je can gindin dalbejiyar da ke bakin katanga ya tsuguna, ya juya wa ɗakin baya. Na gane wannan zama, irin na dangin mahaifiyata ne. Namiji ba ya nuna damuwa a kan matarsa a gaban jama'a.

Likita ya iso, suka shiga ɗakin tiyata shi da Sista. Goma saura ashirin ya leƙo, safar hannunsa ja wur.

“Malam Lawal, jininta nagetif ne. An buga waya wurare biyu, ba su da irinsa yau. An auna waɗanda suka rako ta, babu wanda ya dace. Ba za ta jure tafiya a mota ba. Fito mini da jerinka.”

“Na'urar ta ƙi tashi, ranka ya daɗe.”

“To kira ɗiyarka yanzu-yanzu. Yanzu, Malam!”

Ya koma. Na ce to.

Ga abin da na yi, bi da bi. Na kira innarku don ta kira ta, kamar yadda muka saba. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ashe ta bar ta a caji ta tafi suna. Na sake kira sau bakwai. Na kira mutum ɗaya daga cikin tarana na farko wanda lambarsa ke wayata, ya ce yana kan hanyar Kudu da motar shanu. Na koma gaban na'urar na sake rubuta umarnin nan. Na kashe ta na kunna, ko Allah zai sa su dawo. Na buɗe littafina inda sunan mijin yayarku yake, na dubi lambar, na rufe. Na ce wa kaina kiran ba shi da amfani, tunda abin da aka goge ba ya dawowa. Wannan ita ce hujjar da na riƙe, kuma na san ko a lokacin cewa ba ita ce gaskiyar ba. Gaskiyar ita ce ban iya tunanin muryata tana ce mata na yi ɓarna ba.

Goma da rabi Sista ta fito da gudu neman ledar ƙarin ruwa.

“Ta ce mi?”

“Wayarta ba ta shiga.”

“Innalillahi. Ci gaba da gwadawa, Malam, matar nan tana tafiya.”

Ƙarya ta biyu ke nan.

Agogon bangon ɗakina yana da ƙara, ban taɓa lura ba sai ranar. Sha ɗaya ta yi. Sha ɗaya da rabi. Duk wanda ya buɗe ƙofar tiyata sai gabana ya faɗi. Gumi ya jiƙa rigata ta Juma'a har ta manne. Ina zaune da waya a hannu ɗaya, littafi a ɗaya, kamar wanda aka ɗaure.

Sha biyu da 'yan mintoci sai na ga inuwa a tagata. Malam Buba ne. Ya jingine sandarsa, ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu. Ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida da aiki da gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya ce:

“Malam, an ce wurinka ake neman jinin. Ina da shanu. Wanda duk ya ba da, ya zaɓi wadda yake so.”

“Ba a saye, Malam Buba. Ana ƙoƙari.”

Ya dubi ƙasa. Sai ya ɗago, hawaye na bin gemunsa, a gaban mata da ke zaune a benci.

“Hansatu ce. Sunanta Hansatu. Tun muna yara muke tare.”

Ku ba za ku san nauyin wannan ba. Bafulatani ya ambaci sunan matarsa da baki, ga baƙo, mutane suna ji. Ya ajiye abin da aka raine shi a kai, a bakin tagata, don bai da sauran abin da zai ajiye. Ni kuwa ina zaune a kan nawa.

Na danna lambar. Ƙara ɗaya ta ɗauka, ta zaci innarku ce ta ari wayata.

“Inna?”

“Ni ne.”

Sai na ji numfashinta ya sauya.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, wa ya rasu?”

Shekara talatin da biyu tana duniya, abin da kirana yake nufi a wurinta ke nan.

“Ba wanda ya rasu tukuna. Na rufe akawun ɗin jiya. Na yage ambulan. Na duba, babu komai. Na goge su duka. Akwai mace a tiyata tana jiran jini.”

“Baba, da wane akawun ka duba?”

“Da babban.”

“Babban ba ya ganin su, Baba. Ba nasa ba ne. Kowane akawun nasa kawai yake gani. Suna nan, kwanciya suka yi. Kana gaban na'urar?”

“Ina nan.”

“Rubuta abin da zan faɗa. Kada ka ƙara, kada ka rage.”

Ta riƙa faɗa mini harafi-harafi, ina cewa to, kamar ɗan aji ɗaya. Ta mayar da ni akawun ɗin asibiti. Ta kai ni inda fayil ɗin jerin yake. Ta ba ni umarnin tayarwa. Na ga ta ɗaya ta tashi, ta biyu ta biyo, ta uku ta biyo, a jere yadda aka tsara su. Ta ce tunda ambulan a buɗe yake in rubuta layi ɗaya kuma, shi ne saitin da ta nema ranar Alhamis. Layi ɗaya ne, bai kai tsawon yatsana ba. Na dubi agogo lokacin da na danna lambarta, na kuma duba lokacin da shafin ya fito, don ban iya barin wannan hali ba ko a ranar. Minti shida.

Mutum huɗu ne masu irin jinin Hansatu a jerin. Na farko wayarsa a kashe. Na biyu ba a ɗauka ba. Ta uku mace ce, ta ce tana da juna biyu. Na huɗu wani Alhaji ne mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa, maƙwabcin rumfarsa ya ɗauka ya ce ya bar wayar a rumfa, ya tafi gida wanka, daga can zai wuce masallaci. Na manta ranar Juma'a ce. Duk garin yana rufe rumfuna.

Na hau acaɓa na tafi kasuwa, na ɗauki maƙwabcin don ban san fuskar Alhajin ba. Gidansa aka ce ya fita. Muka bi shi masallaci, an riga an cika har titi. Na yi sallar nan, amma Allah ya sani ban san abin da liman ya karanta ba. Ana sallamewa muka shiga kutsawa tsakanin mutane, maƙwabcin yana ɗaga kai. Muka same shi yana neman takalminsa. Bai bari na gama bayani ba ya ce mu tafi. A kan hanya, mu biyu a bayan mashin ɗaya, ya juyo ya ce mini:

“Kai Malam, ai da kun kira ni da hantsi. Tun safe ina zaune ina korar ƙuda, ko mudu biyar ban auna ba.”

Daga rumfarsa zuwa asibitinmu tafiyar minti goma ce.

An ɗebi jininsa. Ana cikin gwada shi, kamar yadda dole ne a yi, sai Sista Mairo ta fito ta zauna a bakin baranda ta cire hularta. Ban taɓa ganin bakinta a rufe ba sai ranar.

Malam Buba ya zo ya yi mini sallama kafin su ɗauki gawarta. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ya ga yadda na fita da gudu, ya ga rigata, Allah ya saka mini da alheri. Na ce amin. Ambulan ɗin yana aljihuna.

Ranar Asabar yayarku ta zo. Likita ya kira mu ofishinsa, ni da ita da Sista. Idanunsa sun yi ja. Ya tambaye ta me ya faru.

“Laifina ne, ranka ya daɗe. Na bar aiki ban ƙarasa ba.”

“To wayarki fa? Jiya tun safe ake neman ki, ba ta shiga.”

Wayarta tana hannunta tun safiyar Juma'a, a kunne, kuma ta san haka. Ba ta dube ni ba. Ta dubi tabarmar ƙofa.

“Wataƙila sabis ne.”

Ina tsaye taku biyu daga gare ta. Bakina ya buɗe, na ji shi ya buɗe, sannan na rufe shi. Sista Mairo ta daɗe tana kallona. Tun daga ranar ba ta sake yi mini ba'a ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Likita ya karɓe aikin daga hannun yayarku ya ba wasu. Garin nan ba shi da girma ga magana. Wasu asibitoci biyu da suka yi niyyar ba ta aiki suka fasa. Shi ya sa kuka ga ta koma koyarwa, ba don ta fi son sa ba. Ni kuwa na ƙara shekara biyu, aka yi mini walimar ajiye aiki, Likita ya tashi ya ce bai taɓa ganin mai amana irina ba.

Makon jiya na sa an kai ni gidansa. Ya tsufa shi ma. Na ajiye yagaggen ambulan ɗin a gabansa, na faɗa masa duk abin da na rubuta a nan. Na tambaye shi, in da jinin ya zo da hantsi, da ta rayu? Ya ce rai na Allah ne, ya ga waɗanda aka ƙara wa jini da wuri suka tafi. Na ce ba wannan na tambaya ba. Ya ce, “Malam Lawal, da na so a ce na samu wannan damar.” Bai raka ni ƙofa ba.

Ban ce ku zubar da kunya ba. Da ita aka raine ni, kuma akwai alheri a cikinta. Amma ni na fake da ita ranar Alhamis don kada in yi tambaya, na fake da ita ranar Juma'a don kada a ga ɓarnata, ranar Asabar kuma na bari yarinyar da ban taɓa ɗauka ba ta ɗauke ni. Duk wanda ya sake jin an ce aikinta ne ya kashe Hansatu, ya karanta masa wannan babi daga farko, a jere.

Saura abu ɗaya. A duk shafukan nan na rubuta sunan Sista, na rubuta na Malam Buba, na rubuta na matarsa. Sunan yayarku Hadiza. Ni na raɗa mata shi a kunne, kuma daga ranar ban sake furta shi ba. Yanzu da na rubuta sai na gwada faɗa da baki, ni kaɗai a ɗaki. Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Na ji innarku ta saki kwano a tsakar gida.

Ta leƙo ta ce, “Malam, lafiya? In kira maka ita?”

Na ce a'a. Miƙo mini wayar.